Likitan da ya yi karatu a waje yana son rediyoloji a Legas: tambayoyi da amsoshi

Ni 'yar Agege ce, a Khartum na yi karatun likita, yanzu kuma ina cikin manyan 'yan rezidensi, wato likitocin da ke horon ƙwarewa, a sashen rediyoloji (fannin karanta hotunan cikin jiki) na wani asibitin koyarwa a nan Legas. Tun da labari ya bazu a dangi da unguwa cewa "'yar gidan Alhaji ta zama likitar hoto", wayata ba ta huta ba. Masu kira kashi biyu ne: ƙannena da suka dawo daga Sudan, Masar, Yukiren, Indiya ko Sin, sai kuma iyayensu, waɗanda suka sayar da fili suka biya kuɗin makaranta, suke son jin ranar da abin zai ƙare. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda.

Yaya, wai gaskiya ne ba a ɗaukar 'yan waje a rediyoloji?

Ba gaskiya ba ne, ga ni. Babu wata doka da ta ce wanda ya yi karatu a Alƙahira ko Kharkiv ba zai shiga horon ƙwarewa ba. Da zarar hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ta yi maka cikakkiyar rajista, a takarda kai da ɗan Jami'ar Legas ko ɗan ABU ɗaya kuke. Inda bambancin yake shi ne, su sun yi shekara uku suna kai da kawo a barandar asibitin nan, malamai sun san fuskarsu, sun san wanda ke zuwa da wuri da wanda ke ɓuya a bayan layi. Kai kuwa baƙo ne. Yawancin abin da zan faɗa a ƙasa hanyar rage wannan baƙuntar ce, da kuma tabbatar da cewa ranar da aka buga tallar gurbi babu takardar da ta rage maka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To daga ina zan fara?

Daga jarrabawar tantancewa ta MDCN. Kafin ita ba ka da ikon rubuta wa kowa ko farasitamol a Najeriya, komai kyan kwalinka. Akan yi ta sau biyu a shekara, kuma wurin yinta yana zagayawa tsakanin asibitocin koyarwa. Akwai tambayoyin zaɓi a kwamfuta, akwai na hotuna, akwai kuma OSCE, inda za ka bi tasha-tasha ana auna yadda kake karɓar tarihin ciwo, yadda kake duba marar lafiya da yadda kake yi masa bayani, ga agogo yana gudu.

Jarrabawar tana kayar da mutane da yawa, kuma ba dakikai take kayarwa ba. Na ga yaron da ya fito da sakamako mai kyau daga wata ƙasa mai sanyi, ya san cututtukan da sai a littafi ake ganinsu, amma bai taɓa riƙe yaro mai zazzaɓin cizon sauro yana jijjiga ba, bai taɓa ganin mai sikila cikin ciwon ƙashi ba, bai taɓa tsayawa a kan mace mai jijjigar haihuwa ba. Mu da muka yi Sudan mun ɗan fi samun sauƙi ta nan, domin cututtukanmu da nasu 'yan gida ɗaya ne. Shawarata ita ce ka nemi asibitin gwamnati mai cunkoso ka liƙe wa likitocinsa wata uku ko fiye kafin ka zauna. Ka bi zagayen safe, ka kwana a sashen gaggawa, ka bari a yi maka tambaya a gaban nas-nas ka ji kunya. Gara ka ji ta a can da ka ji ta a gaban mai ba da maki.

Waɗanda yaƙi ya katse wa karatu, na Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023, su fara bincikar matsayin kwalinsu a wurin MDCN kai tsaye, musamman idan wani ɓangare na shekarun asibiti ta intanet aka yi shi. Hukumar ta nuna tun a 2022 cewa ba ta yarda a koyi likitanci ta allon waya ba. Kada ka dogara da abin da wani ya rubuta a zauren WhatsApp.

Idan na ci, sai rezidensi?

Da sauran tafiya. Za a ba ka rajistar wucin gadi, ka yi aikin haus, wato aikin sabon likita a ƙarƙashin kulawar manya, na wata goma sha biyu: wata uku-uku a sashen cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Yanzu ta shafin MDCN ake neman gurbin, ba bin ofis-ofis kamar da ba. Bayan an sa maka hannu a duka huɗun sai cikakkiyar rajista, sai bautar ƙasa, ko takardar yafewa idan ka haura shekara 30 lokacin da ka kammala. 'Yan waje suna da ƙarin tantance takardu a NYSC, saboda haka ka ajiye fasfonka na karatu mai ɗauke da biza da tambarin shiga da fita, ko da ya ƙare aiki.

Kada ka ɗauki aikin haus a matsayin shekarar da za a daure kawai ta wuce. Likitan hoto da bai taɓa danna cikin marar lafiya da hannunsa ba, rahotonsa ba ya amfanar likitan tiyata. Duk marar lafiyar da ka tura hoto, ka bi shi da ƙafarka zuwa sashen, ka tsaya a bayan mai karantawa. Ta nan ake fara saninka.

Mece ce "firamare" da nake ji ana faɗa?

Ranar da na ce wa mahaifiyata na ci firamare, kallona ta yi ta ce, "Ke da na kai Sudan?" Jarrabawar share fage ce ta kwalejojin ƙwarewa, kuma guda biyu ne ke ba da shaidar rediyoloji a ƙasar nan. Akwai kwalejin ƙasa, NPMCN, wadda aka kafa da doka ta 67 ta 1979, tana Ijanikin a hanyar Badagry. Akwai kuma kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, WACS, mai sakatariya a Yaba. Rediyoloji a ƙarƙashinta yake, ba ƙarƙashin takwararta ta likitocin magani ba, kuma mutane kan ruɗe a nan. Kowace tana yin jarrabawa sau biyu a shekara. Firamare ilimin tushe take tambaya, irin su anatomi da fiziyoloji da fatoloji, a kwamfuta. Ka sauko da manhajar kowace kwaleji daga shafinta, kada ka yi karatu da ta bara.

Lokacin bautar ƙasa ya fi dacewa a zauna mata, domin karatun makaranta bai gama bushewa a kai ba. Idan aljihu zai ɗauka ka yi duka biyun. Sannan ka sani sakamakon yana da wa'adi; wanda ya ci ya je ya shekara da shekaru a asibitin kuɗi yana tara na aure, zai iya dawowa ya tarar sai ya sake.

Me ya sa gurbin ke da wahala haka?

Kwalejin ce ke zuwa ta duba sashe, ta ƙirga kwansaltan, wato likitocin da suka gama ƙwarewa, nawa ne, na'urori nawa ke aiki, sannan ta yanke adadin waɗanda za a iya horarwa. Asibiti ba shi da ikon zarce wannan adadi ko da yana so. Ga kuma asibitocin tarayya ba sa ɗaukar ma'aikata sai sun sami sahalewa daga Abuja, abin da kan sa a yi dogon lokaci ba talla, sai kwatsam a buga a ba da 'yan makonni. Masu nema kuwa sun yi yawa, domin kowa ya lura sana'a ce da ake nema a cibiyoyin gwaji masu zaman kansu da suka cika Legas, kuma ana iya karanta hoto daga nesa.

A Legas manyan wuraren biyu ne: LUTH da ke Idi-Araba, na tarayya, wanda ya fara aiki a 1962, da LASUTH da ke Ikeja, na jiha. Kafin ka shiga ko'ina, ka duba da idonka a jerin kwalejin cewa amincewar sashen tana nan daram. Shekarar da aka yi a sashen da ba a amince da shi ba, ba a ƙirga ta.

Likita, ɗana Bahaushe ne. Za su ba shi a ƙasar Yarbawa? Ko sai da uwa a gindin murhu?

Baba, ba zan ce maka sanayya ba ta aiki ba, Najeriya muke. Amma akwai abin da mutanenmu ba su cika amfani da shi ba. Asibitin tarayya yana ƙarƙashin tsarin rabon gurabe tsakanin jihohi, kuma masu nema daga Jigawa ko Yobe ko Zamfara a Legas ba su da yawa. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ta asali tana iya zama abin da zai sa a ɗaga fayil ɗinsa a duba. Ba za ta ci masa jarrabawa ba, amma kada ya zo babu ita. Asibitin jiha kuwa lamarinsa daban, jiha ce ke ɗauka kuma ita ke biya.

Sannan harshensa jari ne. Idi-Araba kanta cike take da Hausawa, ga Agege, ga Mile 12, ga Obalende, ga Alaba Rago. Wata safiya aka kawo wani dattijo mai sayar da albasa za a yi masa sikanin hanta. Abokin aikina ya yi ta ce masa ya riƙe numfashi da Turanci da Yarbanci, dattijo yana ta murmushi yana numfashinsa, hanta tana hawa tana sauka a allo. Aka kira ni. Na ce, "Baba, ja iska sosai, kamar za ka nutse a kogi. Yawwa, riƙe. Kar ka saki sai na ce." Cikin minti biyu muka gama. Ya kama hannun rigata ya ce, "'Yar nan, daga wane gari?" Tun daga ranar, da an ga hula ko mayafi a layi ni ake nema. Shugaban sashe yana lura da irin wannan.

Yaya ake yin tantancewar shiga?

Yawanci jarrabawar rubutu ce, sannan ganawa da kwamiti. Za a nemi kwalin digiri, cikakkiyar rajista, lasisin aiki na shekarar, takardar NYSC, sakamakon firamare da wasiƙun shaida. A ganawar ba a sa ran ka iya karanta MRI. Ana so a ga kana da tsari a ido. Za a iya ɗora hoton ƙirji a ce, "Dokta, me ka gani?" Mai gaggawa zai yi tsalle ya nuna farin tabon da ke sama ya ce tibi. Wanda ya zauna a ɗakin karatu zai fara da suna da kwanan wata da alamar dama da hagu, ya faɗi ko hoton ya ɗauku da kyau, sannan ya bi maƙogwaro, huhu, zuciya, ƙasusuwa, har ya leƙa ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, inda wata siririyar iska ke kwance tana shaida hanji ya huje. Tabon gaskiya ne, amma iskar ce za ta kashe mutumin kafin asuba.

Kuma za a tambaye ka dalilin da ya sa kake son rediyoloji. Don Allah kada ka ce don babu kiran dare. Na ji wanda ya faɗa, na kuma ga yadda babban likitan ya cire tabarau ya ajiye a tebur.

Wane kuskure ne kika yi da ba kya so mu maimaita?

Suna. A takardar sakandare ni Hadiza ce, a fasfo Khadija, a kwalin Khartum kuma aka rubuta Khadiga, yadda suke rubutawa a can. Sunan mahaifina ma Muhammad a nan, Mohamed a can. Na ci jarrabawar rubutu a wani asibiti, na zo tantance takardu, wata ma'aikaciya ta jera su uku a tebur ta ce, "Wacece a cikinsu ta zo?" Na ɗauka wasa take. Kafin in je kotu in yi rantsuwa, in buga a jarida, in dawo, an rufe. Gurbin da na rasa ranar sai bayan fiye da shekara na sake ganin irinsa. Ka zauna yau ka jera takardunka, ka karanta harafi-harafi, har ranar haihuwa. In kwalinka da Larabci ne ko Rashanci ko Sinanci, ka tanadi fassarar da hukuma ta buga wa hatimi.

Mene ne "sufanumerari"?

Shi ne ka yi horo a asibiti ba tare da kana cikin ma'aikatansa ba. Wani ne ke ɗaukar nauyinka, galibi gwamnatin jiharku ko asibitin da kake wa aiki, su ci gaba da biyan albashinka, kai kuma ka sa hannu za ka dawo ka yi musu aiki. Ga 'yan Arewa wannan ƙofa ce mai kyau, domin jihohinmu suna da ƙarancin likitocin hoto, wasu sun sayi na'urar CT babu mai karanta abin da ta fitar. Horon ɗaya ne, jarrabawar ɗaya ce, shaidar ɗaya ce.

Abin da nake jan kunne a kai shi ne shiga da aljihunka, babu albashi daga ko'ina. Shekara biyar a Legas ba wasa ba ce. Na ga masu yi, suna sikanin a asibitocin kuɗi da daddare su zo da safe ido ja wur, kuma Part I, jarrabawar ƙarshen matakin farko na horon, ba ta jin uzuri.

Shekara nawa ne gaba ɗaya?

Ka ƙiyasta biyar zuwa shida idan komai ya tafi daidai, ba yajin aikin ƙungiyar likitocin rezidensi, NARD, mai tsawo, ba faɗuwa. Matakin farko ka koyi fizis ɗin haske da maganaɗisu da sauti, anatomin hoto, da karanta eksire, sikanin, CT, MRI, hoton nono da gwaje-gwajen da ake ɗura ruwan da ke sa sassan jiki su fito sarai a hoto. Ka ci Part I ka zama babban rejistara. Daga nan sai bincike da rubuta kundi, ka kare shi a Part II, a ba ka shaidar ƙwarewa ta fellowship, FMCR daga NPMCN ko FWACS daga WACS. Fizis ɗin nan shi ne ke ba mutane mamaki. Wanda ya gudo likitanci don ya huta da lissafi zai same shi zaune yana jiransa.

Anti, ance hasken yana hana haihuwa. Mijina ya ce in nemi wani fannin.

Ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, 'ya'yana biyu kuma duka a cikin horon na haife su. Sikanin sauti ne, MRI maganaɗisu ne, babu hasken da ake tsoro a cikinsu. Eksire da CT su ne masu shi, kuma lokacin ɗauka ma'aikaci yana bayan bango ko gilashi mai dalma. Inda muke tsayawa kusa, kamar gwajin bututun mahaifa, akwai rigar dalma, akwai kuma ɗan bajen da muke maƙalawa yana ƙirga abin da jiki ya sha, a ƙarƙashin dokokin hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA. Da kin san kina da ciki ki faɗa wa shugaban sashe a sauya miki wurin aiki, kada kunya ta sa ki ɓoye har wata huɗu.

Kuma muna buƙatarki. Matanmu da yawa sukan fasa gwajin mahaifa ko na nono idan suka leƙa suka ga namiji ne.

Na yi kwas ɗin sikanin na wata uku. Zai taimaka?

Zai sa hannunka ya saba da na'ura, shi ke nan. Ba ya mai da kai likitan hoto, ba ya rage maka ko wata ɗaya. Haka kuma kada a haɗa mu da radiyogirafa, masu ɗaukar hoton. Su digirinsu daban, hukumarsu RRBN. Ka girmama su, domin a watanninka na farko sun fi ka sanin komai a ɗakin.

Ni a Masar na yi digiri na biyu a rediyoloji. Zan zama kwansaltan kai tsaye?

Ba kai tsaye ba. Sai ka kai wa MDCN shaidar ta duba ko za ta yi mata rajista a matsayin ƙarin ƙwarewa, kuma asibitocin gwamnati fellowship na kwalejojin nan biyu suke nema, ko abin da aka yarda daidai yake da shi. Wanda bai tafi ba tukuna, ya tambaya a rubuce kafin ya biya kuɗin makaranta.

Ba gara in wuce Ingila ko Amurka ba?

Can ma layin rediyoloji ya fi na nan tsawo. Amurka sai ka ci jarrabawar lasisinsu, USMLE, ka sami shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, ka shiga tsarin haɗa masu nema da asibitoci, sannan shekara ɗaya ta share fage da huɗu na horo, kuma fanni ne da 'yan ƙasar kansu ke rububi. Ingila sai rajistar hukumar likitocinsu, GMC, horon shekara biyar ne, gasar shiga kuwa ba a magana. Abin da na fi gani yana yiwuwa shi ne mutum ya shiga horo a nan, ya riƙa zama jarrabawar FRCR ta kwalejin likitocin hoto ta Ingila a gefe. Ko za ka tafi ko za ka zauna, wannan tsakaninka da iyayenka ne da jihar da ta biya maka karatu.

Dole sai Legas?

A'a. Akwai Asibitin Malam Aminu Kano, akwai Shika a Zariya, akwai Maiduguri, Sakkwato, Jos da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Ka nema ko'ina aka buga, kuma inda ya fara kiranka ka tafi. Legas tana da yawan marasa lafiya da cibiyoyin kuɗi masu sababbin na'urori, amma haya tana cin albashi tun bai shigo ba.

Idan na samu a Legas, ina zan zauna?

Ka fara neman ɗaki a gidajen 'yan rezidensi tun ranar da ka karɓi takarda, layin yana da tsawo. In bai samu ba, mai aiki a Idi-Araba ya duba Mushin ko Surulere ko cikin 'yan'uwa a Idi-Araban kanta, inda zai iya takowa da ƙafa idan an kira shi ƙarfe biyun dare an kawo mai hatsarin babur ana son CT na kai. Ni daga gidanmu na Agege na fara, na yi wata shida ina fita kafin a kira sallar asuba, har na haƙura na kama ɗaki. Yanzu jirgin ƙasa na Red Line yana bi ta Agege da Ikeja da Mushin da Yaba, ya rage wahala, sai dai ba ya aiki a lokacin da kiran dare ke zuwa. Ranar da kuma wani sha'ani ya kai ka Ijanikin, kada ka yarda da lissafin taswirar waya. In kana da ɗan'uwa a Alaba Rago, je ka kwana wurinsa, ka ɗauki takardunka na asali da kwafi biyu-biyu a cikin leda saboda ruwa.